Jini a ƙarƙashin na'urar auna sukari: yadda wani dattijo ya yi asarar biyu kafin ta uku ta zauna

## Asalin lamarin

Dattijo ne ɗan shekara 63, tsohon malamin makaranta, mazaunin Kano. Shekara 14 ke nan da aka tabbatar masa da ciwon sukari nau'i na 2. Yana allurar insulin safe da yamma, yana shan metformin, da amlodipine saboda hawan jini, da asfirin mai miligiram 75 kullum tun lokacin da aka gano jijiyoyin zuciyarsa sun tsuke. Siririn mutum ne, tsawonsa mita 1.74, nauyinsa kilo 61. Idan ka mintsini fatar damtsensa ta gaba, da kyar za ka kamo wani kitse.

Sau biyu a wata guda sukarinsa ya faɗi cikin dare, ya farka sharkaf da gumi, jiki na kyarma. Wannan ya sa likitansa ya ba da shawarar ya sa na'urar nan da ake mannawa a fata, mai auna sukari dare da rana, ko da na wata biyu ne, don a ga abin da ke faruwa tsakanin isha'i da asuba. 'Ya'yansa suka haɗa kuɗi suka sayo guda uku, irin FreeStyle Libre mai kwana 14 da ke yin ƙara idan sukari ya sauka.

Na'urar farin faifai ce, faɗinta milimita 35, kaurinta 5. A ƙasanta akwai gam da wani siririn zare mai laushi. Tana zuwa da mabugi kamar hatimi, mai allura a ciki. Idan aka danna shi a fata, allurar ta kai zaren kimanin milimita 5 cikin nama, ta koma cikin mabugin, zaren ya tsaya. A tsakiyar faifan akwai 'yar ƙofa, wadda ta nan allurar ta bi ta fita. Zaren yana auna sukarin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama a ƙarƙashin fata, shi ya sa awonsa kan biyo bayan na jinin yatsa da 'yan mintuna. Takardar da ke cikin kwalin ta faɗi cewa sawar na iya jawo zubar jini ko taruwarsa, kuma idan jinin ya ƙi tsayawa a cire a sa sabuwa a wani wurin. Mabugin sau ɗaya yake aiki, don haka na'urar da aka ɓamɓare ba ta komawa.

## Rana ta 1: na'ura ta farko

Watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Bayan isha'i dattijon ya yi wanka da ruwan zafi, ya shafa man zafi a gwiwoyi da kafaɗar hagu kamar yadda ya saba, ya bi da basilin. Kamar minti 10 da fitowarsa, 'yarsa ta goge damtsen hagu da audugar sifirit ta buga na'urar. Da yake yana zaune kan kujera mai jingina, bayan damtsen bai samu ba sosai, sai ta buga a gefe, kusa da inda naman kafaɗa ya ƙare, wajen da ake yi wa mutum allurar rigakafi.

Tana ɗaga mabugin, jini ya tsatso ta ƙofar tsakiya, ya yi ɗigo kamar ƙwayar wake, ya gangara kan faifan. Ta goge da auduga mai sifirit. Wani ɗigon ya taso. Ta sake gogewa, ta ɗora audugar ta ɗan danna, ta ɗaga ta duba. Ta yi haka kusan sau 6 cikin minti 4, kuma duk ɗagawa sai a ga sabon jini. Layi ɗaya ya gangara har gwiwar hannu ya ɓata jallabiya.

"Cire min abin nan, ya huda jijiya," in ji shi.

"Baba, ka bari mu ƙara gani ko zai tsaya."

Bai yarda ba. Ta ɓamɓare na'urar. Jinin ya ɗan ƙaru da cirewar, sai ta ɗora babban yatsanta a kan busasshiyar auduga ta riƙe, ba ta ɗaga ba saboda tana neman filasta da ɗaya hannun. Kafin a kawo filastar, kamar minti 2 zuwa 3, jinin ya tsaya. Duk abin da ya zuba bai cika rabin ƙaramin cokali ba. Na'urar ta tafi kwandon shara ko awo ɗaya ba ta bayar ba.

## Rana ta 2 zuwa ta 5: na'ura ta biyu

Washegari da dare suka sake gwadawa, bayan wanka irin na jiya. A damtsen hagu ɗin dai aka buga, tazarar yatsa biyu daga hujin farko, domin da hannun dama yake rubutu da cin abinci, ba ya son abu a can. A wurin akwai 'yar taruwar jini daga jiya, amma a baƙar fata da hasken dare ba ta fito ba.

Jini ya sake fitowa, ta ƙofar tsakiya da kuma gefen faifan na ƙasa. Wannan karon an riga an yi shawara ba za a cire ba saboda tsadar abin. 'Yar ta ɗora dunƙulen auduga a kan faifan, ta naɗe damtsen da filasta zagaye biyu, suka bar shi haka ba tare da wani ya danna ba. Bayan awa ɗaya da na'urar ke ɗauka kafin ta fara aiki, awon farko ya fito a waya: 118 a ma'aunin sukarin jini na mg/dL. Ba a gwada yatsa ba.

Ƙarfe 3 na dare ƙararrawa ta tashe shi, na'urar na nuna 56. A kan hannun hagun yake kwance. Bai ji gumi ko kyarma ba, amma ya sha shayi da sukari cokali 3 ya koma barci. Da asuba 'yarsa ta huda masa yatsa, mitar auna sukarin jini ta nuna 214, na'urar damtse kuma 139. Da aka kwance filastar, audugar ta manne da busasshen jini, kuma jinin ya jiƙa kusan kashi ɗaya cikin uku na gam ɗin. Wannan gefen ya riga ya ɗaga.

A rana ta 3 an gwama awon sau biyu, duka a lokacin da kibiyar na'urar ke kwance, wato sukari ba ya hawa ba ya sauka. Na farko na'ura 88, yatsa 151. Na biyu na'ura 102, yatsa 170. Cikin dare ta nuna LO, alamar da take bayarwa idan awo ya gaza 40, alhali yatsa ya ba da 126. Daga nan ya kashe ƙararrawar. A rana ta 4 aka ƙara filasta a gefen da ya ɗaga. A rana ta 5 da safe, yana tuɓe riga, hannun rigar ya kwashe na'urar. Zaren ya fito a lanƙwashe. A ƙarƙashinta akwai taruwar jini mai faɗin santimita 4, tana ɗan ciwo idan an taɓa, babu zafi, babu ruwa ko mugunya.

## Rana ta 6: a ɗakin masu ciwon sukari

Suka je asibiti da na'ura ta uku a kwalinta, da tambaya ɗaya: ko jikinsa ne ba ya karɓar abin. Malamar jinya ta fara da duba damtsen a hasken rana, ta auna taruwar jinin da ma'auni, ta ga huji biyun kusa da juna, duka a gefe maimakon baya. Hawan jininsa ranar 158 bisa 92.

Ta tambaye shi ko yana haɓo, ko dasashinsa na jini idan ya yi asuwaki, ko ya ga baƙin bayan gida ko jini a fitsari, ko yana ganin taruwar jini a jiki ba tare da ya buge ba. Duk babu. Sai ta sa aka zazzage ledar magungunansa a kan tebur.

"Baba, ban da waɗannan akwai abin da kake sha? Ko na kemis, ko na gargajiya?"

"A'a. Sai dai ɗan na ciwon gwiwa, shi kuma ai ba na asibiti ba ne."

Daga aljihu ya fito da shi: diclofenac mai miligiram 50, safe da yamma, yau mako 3, tun shigowar sanyi. Babu wanda ya sani a gidan.

Likita ya sa aka yi gwajin ƙirgen jini. Ƙwayoyin da ke toshe rauni sun kai 212,000, cikin iyakar lafiya ta 150,000 zuwa 450,000. Ya dakatar da diclofenac, ya mayar da shi kan parasitamol, ya bayyana masa cewa haɗa shi da asfirin na ƙara zubar jini har a ciki, kuma yana wahalar da ƙodar mai ciwon sukari. Asfirin ɗin kuwa ya ce kada a taɓa shi ko na kwana ɗaya. Aka gyara maganin hawan jini. Aka sa ranar sa na'ura ta uku bayan mako guda, a asibitin, da hannun 'yar, malamar jinya tana kallo.

## Rana ta 13: na'ura ta uku

Ƙarfe 10 na safe aka yi aikin. Tun daren jiya an hana shi shafa man zafi ko basilin a hannun dama, kuma ya yi wankansa tun ƙarfe 7, don fatar ta huce. Hawan jini 138 bisa 84.

Ya tsaya tsaye, hannu a sake. Malamar ta nuna wa 'yar bayan damtsen dama, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, wurin da naman ke reto idan an ɗaga hannu. Ta sa ta mintsina wurare uku ta zaɓi wanda ya fi kamuwa, ta haska da tocilan waya ta tabbatar babu jijiyar da ta fito, babu tabo ko tawadar Allah. Aka wanke da sabulu marar mai, aka tsane, aka goge da sifirit sau ɗaya, aka jira har ya bushe ƙarƙaf ba tare da hurawa da baki ba. Kafin a buɗe kwalin an riga an ajiye ƙyallen ɗaure ciwo mai tsabta guda uku a ninke, da agogon waya a buɗe.

'Yar ta ɗora mabugin a miƙe, ta danna daidai ƙarfin da zai sa ya buga, ta janye shi a hankali ba tare da murɗawa ba. Jini ya fito ta ƙofar tsakiya, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar dawa. Dattijon ya kalli malamar.

"Kar ki goge," ta ce da 'yar. "Ɗora ƙyallen a kai, ki danna da yatsu biyu. Baba, ɗora tafin hannunka a ka."

Ta danna kai tsaye a kan faifan, a miƙe, ɗaya hannun yana tallafe da damtsen ta gaba. Ƙarfin dannawar kamar na mai riƙe auduga bayan an ɗibi jini, ba har ya ji ciwo ba. Aka kunna agogo na minti 5. Sau biyu ta so ta leƙa, malamar ta hana. Da lokaci ya cika aka ɗaga ƙyallen a hankali: tabon jinin bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba, kuma sabo bai taso ba. Aka jira minti 10 aka sake dubawa, shiru. Sannan aka share busasshen jinin da ke saman faifan da gefen ƙyalle mai ɗan danshin ruwa, ba a tura komai cikin ƙofar ba. Aka bi gefen gam ɗin da yatsa zagaye, ko'ina a bushe yake a manne. Malamar ta zana da'ira da biro a fata kewaye da na'urar, don a gane idan wani kumburi ko taruwar jini ya wuce layin. Ba a naɗa komai a kai ba.

Dattijon ya tambaya ko sai ya sake alwala. A mazhabar Malikiyya fitar jini irin wannan ba ta karya alwala, kuma na'urar tana sama da gwiwar hannu, ruwan alwala ba ya kai wa gare ta.

Umarnin da aka sallame su da shi gajere ne. Na awa 24, duk shawarar insulin ko shan sukari da awon yatsa za a yanke ta. Ya kwanta a gefen hagu ko rigingine. Idan ƙararrawa ta yi ƙara, a huda yatsa tukuna, sai fa in yana jin alamun faɗuwar sukari kuma mita ba ta kusa, to ya sha sukarinsa.

## Rana ta 13 zuwa ta 41

Awon farko bayan awa ɗaya: na'ura 141, yatsa 158. Kafin barci: na'ura 168, yatsa 160. Washegari da asuba: 112 da 121. A rana ta 15 aka ga 'yar taruwar jini mai faɗin santimita 1 ta leƙo gefen faifan, ba ta kai layin biro ba, ta baje da kanta cikin mako. Babu ja, babu zafi, babu ƙaiƙayin kirki.

A dare na 4 da sa na'urar, ƙarfe 2 da rabi, ta nuna 63 da kibiya mai gangarawa. Yatsa ya ba da 66. Haka ya maimaitu bayan kwana 2, duka a ranakun da ya ci tuwon dare kaɗan. Da wannan likita ya rage insulin ɗin yamma. Na'urar ta cika kwana 14 ɗinta, aka cire ta a rana ta 27 bayan an jiƙa gefen gam da man zaitun. Hujin ya warke ba tabo.

Ta huɗu 'yar ce ta sa a gida, a bayan damtsen hagu, santimita 6 daga tsoffin hujin, da safe, ƙyalle da agogo a gefe. Ba ta yi jini ba. Ita ma ta cika kwanakinta zuwa rana ta 41.

## Abin da lamarin ya nuna

Allurar da ke shiga milimita 5 ba ta isa manyan jijiyoyi a bayan damtse ba. Abin da take katsewa ƙananan hanyoyin jini ne masu kamar gashi, ko wata 'yar jijiya ta ƙarƙashin fata, kuma wannan kan faru ko ga wanda ya shekara yana sa na'urar daidai. Ga wannan dattijo abubuwa da yawa ne suka taru a dare biyun farko. Ruwan zafi da man zafi sun buɗe hanyoyin jinin fata. Wurin da aka buga ba kitse, zaren ya kusanci tsoka, wadda ta fi kitse yawan jini kuma tana motsi. Asfirin ya riga ya raunana ƙwayoyin toshe rauni, domin tasirinsa a kan kowace ƙwaya yana nan har ƙarshen rayuwarta, kwana 7 zuwa 10, sai diclofenac ya zo ya ƙara. Hawan jinin ma bai taimaka ba. Ba za a iya ware wanne ya fi laifi ba tunda an gyara su ne a tare, kuma duk da gyaran na'ura ta uku ta yi jini. Bambancin da aka samu yana wajen abin da aka yi bayan jinin ya fito.

Na'ura ta farko da alama asarar banza aka yi. Gudan jinin da ke fara toshe huji laushi gare shi, kowace gogewa tana kwashe shi, kowace leƙawa tana mayar da aikin farko. Sifirit na tsabtace fata ne kafin huji, ba ya tsayar da jini. Minti 4 na gogewa da leƙe ba su kai minti 1 na dannawa ba, kuma shaidar tana cikin daren kansa: hujin ya rufe cikin minti 3 da aka riƙe shi ba a ɗaga ba. Umarnin na'urorin Medtronic, wani kamfanin da shi ma ke ƙera irinsu, ya ce a danna da ƙyalle mai tsabta har minti 3. Ga mai shan maganin hana jini daskarewa, kamar asfirin, clopidogrel, warfarin ko rivaroxaban, minti 5 ya fi dacewa, in bai tsaya ba a ƙara wasu 5 ɗin.

Ta biyu ta fi haɗari, ko da yake ita ce aka yi wa haƙuri. Naɗa filasta ba dannawa ba ne. Jinin ya ci gaba da tsatsowa a ƙasa, ya jiƙa gam, faifan ya fara motsi, zaren ya lanƙwashe a cikin nama mai taruwar jini. Ƙwayoyin jini da na kumburi da suka kewaye zaren suna cin sukarin wurin, kwanciya a kan hannun kuma na rage gudun ruwan, duka biyun suna jawo awo ya sauka ƙasa da gaskiya. Sakamakon shi ne shayi mai cokali 3 na sukari da bai buƙata ba, sannan kashe ƙararrawa ga mutumin da aka sa wa na'urar saboda faɗuwar sukarin dare. Tun asubar farko da aka ga 139 da 214, tazarar kashi 35 cikin 100, ya kamata a daina dogara da awonta. Ma'aunin da aka saba bi shi ne tazarar kada ta wuce kashi 20 cikin 100, ko maki 20 idan awon ya yi ƙasa da 80, a gwada lokacin da kibiya ke kwance, da yatsa wankakke. A yi wa na'ura uzuri a awa 24 na farko, amma idan ta wuce haka tana kuskure babba, a cire.

Ganin jini kaɗai bai isa dalilin cire na'ura ba. Ana cire ta idan jinin bai tsaya ba bayan minti 10 na dannawa ta gaskiya, ko ya jiƙa gam har ya ɗaga, ko wurin yana kumbura yana tauri, ko akwai ciwo mai suka duk sanda aka motsa hannu. Bayan cirewa a danna hujin kansa minti 5, a sa filasta, sabuwar kuma ta tafi ɗaya hannun. Ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na minti 10 tana rage taruwar jini, amma kada a ɗora ta a kan na'urar da ke aiki. Asibiti ake nufa idan hujin ya ci gaba da jini bayan an cire an danna minti 10 zuwa 15, idan kumburin na girma ana kallo, idan hannu ya yi sanyi ko ya mutu, ko kuma bayan kwana biyu wurin ya yi zafi, ya yi ja, ya fara mugunya ko zazzaɓi ya biyo baya. Mai shan warfarin da ya ga jinin da ya saɓa wa na kullum, ya je a auna masa INR, wato gwajin saurin daskarewar jini.

Da dattijon ya dakatar da asfirin da kansa don na'urar ta zauna, kamar yadda wani maƙwabcinsa ya ba shi shawara, da ya sa zuciyarsa cikin haɗari saboda jinin da bai cika rabin cokali ba. Maganin da ya kamata ya fita shi ne wanda ke aljihu, kuma an gano shi ne saboda malamar jinya ta ambaci kemis da bakinta a cikin tambayar.